Takalmin Dusar Ƙanƙara: Tarihinsa, Yadda Yake Aiki da Ƙa'idojin Shiga Daji da Shi

Daga watan Disamba zuwa Maris na kowace shekara, dusar ƙanƙara kan lulluɓe dazuzzukan Kanada da arewacin Amurka da tsaunukan Turai, har zurfinta ya kai gwiwa ko ƙugu a wurare da dama. Duk wanda ya taka irin wannan wuri da takalmin yau da kullum, ƙafarsa za ta nutse a kowane taku, kuma kafin ya ci rabin kilomita gajiya ta gama da shi. Maganin da ɗan Adam ya samo wa wannan matsala tun dubban shekaru shi ne takalmin dusar ƙanƙara, wato wani faffaɗan abu mai kama da faifai ko rariya da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi domin a yi tafiya a saman dusar ba tare da an nutse ba.

A da, wannan takalmi kayan neman abinci ne da tsira da rai. A yau ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin motsa jiki da shaƙatawa mafi sauƙi da araha a ƙasashen sanyi, inda iyalai da 'yan makaranta da tsofaffi kan fita da shi zuwa hanyoyin cikin daji a ƙarshen mako. Har baƙin da suka je waɗannan ƙasashe karatu ko aiki, ciki har da 'yan Nijeriya masu yawa da ke zaune a Kanada, sukan fara sanin dajin hunturu ta wannan hanya, domin koyonsa ba ya ɗaukar lokaci. Sai dai sauƙin koyon kan sa wasu su manta cewa dajin da suke shiga yana iya kashe mutum cikin sa'o'i kaɗan.

Hunturun da ake magana a nan ya sha bamban da wanda aka sani a ƙasar Hausa. A Ottawa, babban birnin Kanada, matsakaicin yanayin watan Janairu yakan kasance wajen digiri 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, kuma dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara guda takan kai kusan mita biyu idan aka haɗa ta.

Yadda yake aiki

Hikimar takalmin ta dogara ne kan rarraba nauyi. Idan mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya, dukkan nauyinsa yana sauka ne a kan ɗan ƙaramin fili daidai tafin takalminsa. Idan aka faɗaɗa wannan fili sau huɗu ko biyar, nauyin da ke kan kowane ɓangare na dusar zai ragu gwargwadon haka, sai ta iya ɗaukarsa. Irin wannan hikima ce ke cikin ƙafar raƙumi, wadda faɗinta ke hana shi nutsewa a cikin rairayi.

Sabuwar dusar ƙanƙara ba ta da ƙarfi, domin mafi yawanta iska ce da ta maƙale a tsakanin ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara. A bisa kimantawar da aka saba, idan aka narkar da dusa mai zurfin santimita 10, ruwan da za a samu ba zai wuce santimita ɗaya ba. Saboda haka takalmin ba ya hana nutsewa gaba ɗaya. Abin da yake yi shi ne rage ta, ta yadda wanda zai nutse har cinya sai ya tsaya a idon sawu ko ƙasa da gwiwa.

Akwai abubuwa biyu da ke sa tafiyar ta yiwu. Na farko, ana ɗaure gaban ƙafa ne kawai, a bar diddige yana ɗagawa, don haka mutum yana taku kusan yadda ya saba. Na biyu, akwai rami a gaban takalmin inda yatsun ƙafa ke shiga idan an ɗaga diddige, abin da ke ba ƙafa damar kama ƙasa wajen hawan tudu. A na gargajiya, tsakiyar takalmin saƙa ce mai ƙananan ramuka, don dusar da ta hau kai ta zube maimakon ta taru ta yi nauyi.

Dabbobin arewa ma suna da irin wannan baiwa. Akwai wani zomo a dazuzzukan Kanada mai manyan ƙafafun baya masu gashi, wanda aka raɗa wa sunan takalmin saboda haka, kuma kyanwar dajin da ke farautarsa ita ma tana da faffaɗan dagi da ke ɗaukarta a saman dusar.

Asalinsa

Masana tarihi da dama suna ganin an fara amfani da irin wannan takalmi tun shekaru 4,000 zuwa 6,000 da suka wuce. Ɗaya daga cikin mafi tsufa da aka samu ya fito ne daga tsaunukan Alps, a yankin Tyrol ta Kudu da ke arewacin Italiya, a wani wuri mai tsawon fiye da mita 3,000. Wani ma'aikacin zana taswira ne ya tsince shi a shekarar 2003, kuma binciken kimiyya ya nuna an yi shi ne tsakanin shekara ta 3800 da ta 3700 kafin haihuwar Annabi Isa. Reshen itace ne guda da aka lanƙwasa ya zama zobe, aka ɗaɗɗaure tsakiyarsa.

Tsofaffin marubutan Girka su ma sun ambaci dabaru makamantan wannan. Xenophon, wanda ya ratsa tsaunukan Armeniya da rundunar sojojin haya wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin yadda wani mai gari ya koya musu ɗaura wa dawakai ƙananan jakunkuna a ƙafa don kada su nutse har ciki. Strabo, masanin labarin ƙasa, ya rubuta cewa mazauna tsaunukan Caucasus suna ɗaura faffaɗar fata a ƙafafunsu don hawa kan dusar ƙanƙara. A Japan kuma manoma da mafarautan yankunan tsaunuka sun daɗe suna amfani da nasu samfurin, ƙarami mai siffar zobe, da suke kira kanjiki.

A arewacin Turai da Asiya, mutane sun fi karkata ga dogayen katakon zamiya da ake sulalewa da su a kan dusar. A Arewacin Amurka kuwa, inda dazuzzuka ke da duhu kuma dusar ke da taushi da zurfi, takalmin saƙa ne ya bunƙasa, kuma a hannun al'ummomin asali na nahiyar ya kai matuƙar inganci.

Ƙirar al'ummomin asali

Kowace al'umma ta ƙera nata samfurin daidai da ƙasar da take zaune. Mutanen Cree da mazauna Alaska, waɗanda ke ratsa filaye da daskararrun tafkuna, sun yi nasu dogo siriri mai ɗagaggen baki, wani yakan kai mita ɗaya da rabi ko fiye. Mutanen Ojibwe na yankin manyan tafkuna sukan haɗa itace biyu su yi takalmi mai tsini gaba da baya, wanda ke ratsa ciyayi da ƙananan itatuwa ba ya sarƙewa. Mutanen Wendat, waɗanda Faransawa suka kira Huron, an san su da samfuri mai faɗin tsakiya da doguwar wutsiya da ke taimaka wa mai tafiya ya miƙe sosai. Mutanen Innu na Quebec da Labrador sun yi nasu kusan da'ira, saboda dusa mai zurfi ƙwarai. Akwai kuma gajere marar wutsiya da ake wa laƙabi da dagin beyar, wanda ya fi dacewa da daji mai cunkoson itatuwa inda ake yawan juyawa.

Aikin ƙira yana buƙatar haƙuri. Ana tsaga itace mai ƙarfi da sauƙin lanƙwasa, galibi wanda ake kira ash, a fere shi, a turara shi ko a jiƙa shi da ruwan zafi, sannan a lanƙwasa shi a bar shi ya bushe a siffar da ake so. Daga nan sai a saka katako biyu a gicciye don ƙarfafa shi. Saƙar kuwa da ɗanyar fatar barewar arewa ko ta wasu manyan namun daji ake yinta, bayan an kankare gashin an yayyanka ta siri-siri. Ana saƙa ta tana jiƙe, idan ta bushe sai ta ɗaure tamau. A al'ummomi da yawa maza ne ke yin itacen, mata kuma su yi saƙar, kuma ingancin saƙar mace abin alfahari ne ga gidanta.

Muhimmancin takalmin a rayuwarsu ya wuce misali. Da shi mafarauci ke cim ma manyan dabbobin da ke nutsewa a dusar, da shi ake duba tarko, a ɗebo itace, a ziyarci dangi. Mai zanen nan Ba'amurke George Catlin ya zana hoton wata rawa da mutanen Ojibwe ke yi sanye da takalman idan dusar farko ta zubo, a shekarun 1830, domin nuna godiya da zuwan lokacin da farauta ke sauƙi.

Fatauci, yaƙi da wasa

Faransawan da suka sauka a gaɓar kogin Saint Lawrence a farkon ƙarni na 17 sun gane da wuri cewa ba za su iya motsi a hunturu ba sai sun koyi dabarar masu ƙasa. Suka kira takalmin raquette, saboda kamanninsa da abin buga ƙwallon tanis. Fataken fatu na Faransa, da kuma ma'aikatan kamfanin Hudson's Bay na Ingila da aka kafa a 1670, sun dogara da shi wajen kai kaya da wasiƙu tsakanin sansanoni masu nisan ɗaruruwan kilomita. Har suna suka sa wa ciwon ƙafa da kumburin jijiya da doguwar tafiya da shi ke jawowa.

Ya kuma taka rawa a yaƙe-yaƙen da aka gwabza tsakanin Faransa da Ingila kan mallakar nahiyar. A watan Fabrairun 1704, sojojin Faransa da ƙawayensu 'yan asalin ƙasa sun taso daga Kanada a kan takalman dusar ƙanƙara suka auka wa garin Deerfield da ke Massachusetts, a lokacin da mazaunansa ke ganin hunturu ya tsare su daga hari. A ranar 13 ga Maris, 1758, an yi wata arangama kusa da tafkin George da ke jihar New York ta yanzu, wadda tarihi ya sani da Yaƙin Takalman Dusar Ƙanƙara, inda Robert Rogers, jagoran wata rundunar sintiri ta ɓangaren Ingila, ya rasa mafi yawan mutanensa.

Cikin Turawan da suka yi fice da shi akwai John Rae, likita ɗan tsibiran Orkney na Scotland, wanda ya koyi tafiya da farauta da suturar sanyi daga mutanen Cree da Inuit. Wannan ilmi ya ba shi damar ratsa yankunan arewa mai nisa da 'yan mutane kaɗan, kuma shi ne ya kawo labarin makomar ayarin John Franklin a 1854, ayarin da ya halaka duk da manyan jiragen ruwa da tarin guzurin da ya tafi da su.

A ƙarni na 19 ne takalmin ya fara zama abin wasa. A shekarun 1840 aka kafa ƙungiyar masu tafiya da shi a birnin Montreal, inda membobi kan yi tattaki da dare su haye dutsen Mount Royal, su kuma shirya tsere. A bukukuwan hunturu na birnin a shekarun 1880, ɗaruruwan 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi kan fito da fitilu da wasan wuta su kewaye wata fada da aka gina da tubalan ƙanƙara. A yau ana gasar tsere da shi a ƙasashe da dama. Tseren La Ciaspolada da ake yi a kwarin Val di Non na Italiya tun 1973 yana cikin mafi shahara, kuma wasan yana cikin gasar hunturu ta yankin Arctic da ta Special Olympics, ko da yake ba ya cikin wasannin Olamfik na hunturu.

Samfurin zamani

Babban sauyi ya zo ne a farkon shekarun 1970, lokacin da wasu 'yan'uwa biyu, Gene da Bill Prater, masu hawan tsaunukan Cascade a jihar Washington ta Amurka, suka fara ƙera gajeren takalmi da bututun alminiyam, suka maye gurbin saƙar fata da shimfiɗar roba, suka kuma sa haƙoran ƙarfe a ƙarƙashi don kama daskararriyar ƙasa. Daga baya aka fito da waɗanda aka zuba da roba mai tauri baki ɗaya.

Na zamani ya fi sauƙin nauyi, ba ya buƙatar shafa masa mai kowace shekara, kuma ɓeraye ba sa cin sa a ma'ajiya kamar na fata. Ana auna tsawonsa da inci, galibi daga 21 zuwa 36, kuma ana zaɓensa bisa nauyin mutum haɗe da kayan da ya goya, da kuma irin dusar da zai taka. Mai nauyi ko mai shiga dusa mai taushi yana buƙatar babba, mai bin hanyar da aka riga aka tattake kuwa ƙarami ya ishe shi. Wasu samfuran suna da ɗan ƙarfe da ake ɗagawa a ƙarƙashin diddige don rage wa sha-raɓa wahala a hawan tudu. Duk da haka, na itace bai rasa masoya ba, domin ya fi ɗaukar mutum a dusa mai zurfi, kuma ba ya ƙara irin ta roba da ƙarfe.

Yadda fita daji take kasancewa

Gandun dajin Gatineau da ke lardin Quebec misali ne na irin wuraren da ake wannan tafiya. An kafa shi a 1938, faɗinsa murabba'in kilomita 361 ne, yana kan ƙasar gado ta mutanen Algonquin, kuma tafiyar mintuna kaɗan ce a mota daga majalisar dokokin Kanada da ke Ottawa. Hukumar kula da babban birnin ƙasar ce ke tafiyar da shi. A hunturu ana gyara hanyoyin masu zamiya na kusan kilomita 200, a kuma ware wasu hanyoyin daban masu alamomi a jikin itatuwa domin masu takalmin dusar ƙanƙara. A wasu wurare akwai ɗakunan katako masu murhun itace inda matafiya ke hutawa su ji ɗumi su ci abinci.

Koyon takun ba shi da wuya. Ana ɗan buɗe ƙafafu fiye da yadda aka saba don kada takalmi ya hau kan ɗan'uwansa, a riƙe sanduna biyu don daidaita jiki. Wajen hawa ana kafa haƙoran gaba a cikin dusar, wajen gangara kuma a ɗan durƙusa a bar nauyi a kan diddige. Ja da baya ne ke kayar da sabon shiga, domin wutsiyar takalmin takan cake, don haka an fi son a kewaya. Idan dusar sabuwa ce, na gaba ne ke shan wahalar buɗe hanya, shi ya sa ayari ke yin karɓa-karɓa. Ladabin hanya ya hana taka layin da aka gyara wa masu zamiya, domin ramukan da takalmin ke bari suna iya kayar da su.

Abin da ya fi jan hankalin masu wannan tafiya shi ne shirun dajin, kuma shirun yana da dalili a kimiyyance. Sabuwar dusa, saboda yawan ramukan iska da ke cikinta, tana shanye sauti maimakon ta mayar da shi, kamar yadda katifa ko labule mai kauri ke yi a ɗaki. Ga shi kuma mafi yawan tsuntsaye sun yi ƙaura zuwa kudu, ƙwari sun ɓace, ƙoramu sun daskare, itatuwa masu faɗin ganye sun kaɗe. Idan dusar ta kwana biyu ta narke ta sake daskarewa, samanta yakan yi tauri, sai sauti ya koma tafiya nesa. Idan sanyi ya wuce kimanin digiri 10 ƙasa da sifili kuma, dusar takan yi wata 'yar ƙara a ƙarƙashin ƙafa, saboda ƙwayoyinta suna farfashewa maimakon su narke.

Shirun ba ya nufin dajin babu kowa. Sawun zomo da na barewa da na kyarkeci sukan fito sarai a kan farar dusar, har mai lura ya iya gane inda aka yi farauta da dare. A ƙarƙashin dusar, kusa da ƙasa, akwai wani sarari da yanayinsa kan tsaya kusa da sifili komai tsananin sanyin sama, inda ɓeraye ke haƙa hanyoyinsu, mujiya kuma tana iya jin motsinsu daga kan reshe ta faɗo ta kama su. Beyar tana kwance a raminta har bazara. Barewa kan taru a ƙarƙashin itatuwan da ba sa kaɗe ganye, inda dusar ba ta da zurfi, tana rayuwa da kitsen da ta tara. Duk lokacin da mutum ko kare ya firgita ta ta yi gudu, tana ƙone ƙarfin da ba ta da hanyar mayarwa kafin ƙarshen hunturu. Wannan ne dalilin da ya sa hukumomin gandun daji ke neman a tsaya kan hanyoyin da aka ware, wasu kuma suke hana shiga da karnuka.

Haɗurra da shirin kauce musu

Haɗari na farko shi ne faɗuwar zafin jiki, wadda likitoci ke ƙidayawa daga lokacin da zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35. Takan fara da karkarwa, sai harshe ya yi nauyi, hannu ya kasa riƙe abu, tunani ya rikice. Mugun abin shi ne wanda ta kama ba ya gane halin da yake ciki, don haka abokan tafiya ne ke lura. Gumi na cikin manyan musabbabanta, domin tafiyar tana sa zufa, kuma da zarar an tsaya, jiƙaƙƙen tufafi yana janye zafin jiki da sauri. Saboda haka ake sa sutura hawa uku: ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa, a riƙa cirewa da mayarwa gwargwadon buƙata. Ana guje wa auduga domin tana riƙe danshi, a zaɓi ulu ko yadin roba.

Na biyu shi ne daskarewar fata, wadda ta fi kama yatsu da hanci da kunnuwa. Hukumar kula da yanayi ta Kanada ta yi gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai tsakanin digiri 28 da 39 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Alamarta ita ce wurin ya mutu, ya yi tauri, launinsa ya sauya. Ba a murza shi, ba a kuma kara shi da wuta. Ana ɗumama shi a hankali da zafin jiki ko ruwa mai ɗumi, a nemi asibiti.

Na uku shi ne ɓata. Dusar da ke zuba tana shafe sawu cikin ɗan lokaci, kuma rana gajera ce: a ƙarshen Disamba hasken rana a Ottawa bai kai sa'o'i tara ba, rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Sanyi kuma yana saurin cinye batirin waya. Don haka ake riƙe taswirar takarda da kamfas da tocila da usur da ashana, a kuma sanar da wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa.

Daskararrun tafkuna suna da nasu haɗarin. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Kanada ta ba da shawarar kada mutum ɗaya ya taka ƙanƙarar da kaurinta bai kai santimita 15 ba, ayari kuma santimita 20. Ƙanƙarar da ke kusa da mashigar ruwa ko mafitarsa ta fi rauni, kuma dusar da ke kanta tana ɓoye raunin. A dazuzzukan da dusa ke da zurfi ƙwarai, akwai kuma ramin da ke samuwa a gindin itatuwa masu rassa har ƙasa, wanda mutum kan faɗa ciki da ka ya kasa fita.

A yankunan tsaunuka, kamar yammacin Kanada da Alps, babban abin tsoro shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara. Ta fi aukuwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, kuma tana iya rufta wa wanda ke tafiya a kwari ƙarƙashin gangaren ko da bai hau ba. Hukumomi suna fitar da hasashen haɗarin kullum a ma'auni mai mataki biyar. Masu shiga irin waɗannan wurare suna ɗaukar na'urar gano wanda aka binne da sandar bincike da shebur, domin mafi yawan waɗanda aka tono cikin minti 15 na farko suna rayuwa, bayan haka kuma damar tana raguwa da sauri.

Ko ido ma yana buƙatar kariya. Sabuwar dusa tana iya mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, abin da ke jawo makanta ta ɗan lokaci mai raɗaɗi, don haka tabarau ya zama dole. Haka nan ruwan sha da abinci mai sa kuzari, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa alhali jiki yana asarar ruwa ta numfashi da gumi.

Ƙalubalen da ke gaba

Abubuwa biyu suna barazana ga wannan al'ada. Na farko shi ne ɗumamar yanayi. Wani rahoton gwamnatin Kanada na 2019 ya nuna cewa ƙasar tana ɗumama kusan ninki biyu na matsakaicin duniya, kuma lokacin da dusa ke rufe ƙasa yana raguwa a yankuna da yawa. A hunturun 2022 zuwa 2023, mashigin ruwa na Rideau da ke tsakiyar Ottawa, wanda ake buɗewa don wasan zamiya tun farkon shekarun 1970, bai daskare yadda za a buɗe shi ba, karo na farko a tarihinsa. Ga al'ummomin arewa da har yanzu ke farauta da kamun kifi a hunturu, ƙanƙarar da ba a iya amincewa da ita batu ne na abinci da rai.

Na biyu ya shafi itacen da ake ƙira da shi. Wani ƙwaro ɗan asalin Asiya da aka fara ganowa a yankin Detroit da Windsor a 2002 ya kashe miliyoyin itatuwan ash a Amurka da Kanada, kuma yana ci gaba da yaɗuwa. Wannan ya sa samun itace mai kyau yana ƙara wuya ga masu sana'ar gargajiya.

Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. A Wendake, garin mutanen Wendat da ke kusa da birnin Quebec, har yanzu ana ƙera takalman itace da saƙar fata ana sayarwa a ciki da wajen ƙasar, kuma a al'ummomin Cree da Innu da Ojibwe dattawa suna koya wa matasa yadda ake zaɓen itace da yanka fata da saƙa, tare da sanin dusa da ƙanƙara da ke tafiya da sana'ar.